Idan Jijiyar Hannu Ta Yanke: Dashe, Bututu da Wa'adin Tsoka

A cikin raunukan da ake kaiwa asibitocin Katsina da na ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita, akwai wani nau'i da sau da yawa ba a lura da shi a ranar farko, domin hankalin kowa yana kan jinin da ke zuba ne da fatar da ta tsage. Mutum ya faɗo daga babur a hanyar Jibiya, ko gilashin taga ya yanke shi a wuyan hannu, ko lauje ya kuɓuce masa a lokacin girbi, ko harsashin 'yan bindiga ya ratsa damtsensa a wani ƙauye na Batsari ko Safana, sai a tsayar da jini, a ɗinke fata, a sallame shi. Sai bayan makonni, da ciwon ya kame, yake fahimtar cewa wasu yatsunsa ba sa jin zafin kofin shayi, ko kuwa wuyan hannunsa ya langaɓe ba ya ɗaguwa. Abin da ya yanke a ƙarƙashin fatar shi ne ɗaya daga cikin jijiyoyin ji da motsi, waɗanda ke fitowa daga laka su bazu zuwa gaɓoɓi, suna kai wa tsoka umarni, suna kuma dawo wa ƙwaƙwalwa da labarin abin da fata ta taɓa. Haka nan akwai yaran da ke rasa ikon ɗaga ƙafa saboda allurar da aka yi musu a ɗuwawu ba a daidai wurinta ba, ta sami babbar jijiyar da ke sauka ta bayan cinya.

Na daɗe ina bibiyar abin da masu bincike ke ƙerawa domin gyara irin wannan ɓarna, musamman ƙananan bututan da ake dasawa a tsakanin bakunan yankakkiyar jijiya. Ina ganin girman wannan aiki, kuma ina fatan ya iso mana. Amma duk wanda bai san yadda jijiya ke tohowa ba, da kuma ƙanƙantar lokacin da take da shi, zai ɗora wa waɗannan kayayyaki fatan da ya fi ƙarfinsu.

Kowace jijiya tarin zaruruwa ce masu sirantaka ƙwarai, dubbai a cikin ɗauri-ɗauri, kuma kowane zare miƙo ne na wata ƙwayar halitta wadda uwar jikinta ke zaune a cikin laka ko a gefenta, daga can ne kuma abincinsa ke gangarowa. A shekarar 1850 wani likita ɗan Ingila, Augustus Waller, ya yanke jijiyoyin harshen kwaɗi ya zuba musu ido a ƙarƙashin madubin likita, sai ya ga ɓangaren da ya rabu da tushe yana ruɓewa yana farfashewa cikin 'yan kwanaki. Abin da aka gane daga baya shi ne wannan rushewa share fage ce. Ƙwayoyin da ke lulluɓe da zaruruwan, waɗanda aka sa wa sunan Bajamushen masani Theodor Schwann, ba sa mutuwa tare da su. Suna haɗa kai da ƙwayoyin garkuwar jiki su kwashe tarkacen, sannan su ninka yawansu, su jeru layi-layi a cikin kufan hanyoyin da zaruruwan suka bari, suna fitar da sinadaran da ke kiran sabon toho. A can ɓangaren sama kuwa, bakin kowane zare yana fitar da 'yan rassa masu lalube, kuma reshen da ya dace da ɗaya daga cikin waɗancan layuka sai ya bi shi har zuwa tsoka ko fata. Wannan baiwa ce da Allah ya yi wa jijiyoyin gaɓoɓi, wadda laka da ƙwaƙwalwa ba su samu irinta ba.

Sai dai tafiyar tana da nawa. Sabon zare yana cin kimanin milimita 1 ne a rana, wato santimita 3 a wata, alhali tsokar da aka yanke wa saƙo ba ta jira har abada. Tana fara ramewa tun daga makonnin farko, kuma idan aka yi watanni 12 zuwa 18 zaren bai iso ba, wurin da yake haɗuwa da ita yakan lalace, tabo da kitse su maye gurbinta, ta yadda ko zaren ya iso daga baya ba zai tarar da abin motsawa ba. Ƙwayoyin Schwann ma da ke zaman jira sukan gaji bayan watanni, su rage fitar da sinadaran kira. Wanda jijiyarsa ta yanke a kusa da kafaɗa, tsakaninta da ƙananan tsokokin tafin hannu akwai abin da ya haura santimita 60, tafiyar da za ta ci kusan shekara biyu ko da a ranar raunin aka ɗinke ta. Kowane wata da aka ɓata ana jiran hannu ya dawo da kansa, daga cikin wannan ɗan wa'adi ake zaftare shi.

Ba kowane rauni ne ke kai wa ga wuƙar tiyata ba. A shekarar 1943, lokacin da yake kula da sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Biyu a Oxford, Herbert Seddon ya kasa raunin jijiya gida uku: wanda matsi ne kawai ya dakatar da saƙo kuma yana warwarewa cikin makonni, da wanda zaruruwa suka tsinke amma rigarsu tana nan, don haka suna iya komawa ta tsohuwar hanyarsu, da kuma wanda jijiyar ta rabu biyu gaba ɗaya. Karan ɗorin da aka ɗaure tamau a damtse yana iya jawo na farko ko na biyu. Na ukun shi ne ba ya gyaruwa sai an haɗa bakunan, domin idan aka bar su, rassan da ke tohowa sukan dunƙule a wuri guda su zama ƙulli mai azabar zafi idan an taɓa.

Idan yankan mai tsafta ne kuma an zo da wuri, likitan tiyata yana haɗa bakunan biyu ya ɗinke rigar jijiyar da zaren nailan da ya fi gashin kai siranta, yana duba aikin ta gilashin ƙara girma. Matsalar takan taso ne idan wani yanki ya salwanta, kamar yadda harsashi ko injin niƙa ke yi, ko kuma an makara har bakunan sun ja da baya sun yi tabon da dole a datse. A da likitoci sukan janyo bakunan da ƙarfi, su lanƙwasa gaɓar don su haɗu, amma Hanno Millesi na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ya nuna, a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, cewa jijiyar da aka ɗinke a ɗame jini ba ya ratsa ta yadda ya kamata, tabo kuma yana cika wurin, saboda haka gara a cike giɓin da wani yanki na jijiya a bar shi sakwa-sakwa. Daga nan ne dashe daga jikin majinyacin kansa ya zama ma'aunin da ake gwada kowace sabuwar dabara da shi har gobe. Galibi ana ciro wata jijiyar ji ce da ke sauka ta bayan ƙwauri zuwa gefen ƙafa, wadda ake iya samun santimita 30 ko fiye daga cikinta, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a jera su gefe da gefe gwargwadon kaurin wadda ake gyarawa. Zaruruwan da ke cikin dashen su ma mutuwa suke yi. Abin da ake so daga gare shi shi ne ƙwayoyin Schwann masu rai da dubban ƙananan hanyoyin da ke miƙe a cikinsa. Farashinsa kuwa shi ne yanka na biyu a jiki, da ƙarin lokaci a ɗakin tiyata, da mutuwar ji a gefen ƙafar, wani lokaci ma har da ƙulli mai zafi a inda aka ciro shi.

Na ga wannan ido da ido a kan ɗan yayata, tela ne a babbar kasuwar Katsina, wanda gilashi ya yanka a wuyan hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa. A wurin da aka fara kai shi fata kawai aka ɗinke. Da aka ɗauki lokaci sai naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya zurma, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka ƙandare a lanƙwashe, almakashi ya riƙa kuɓuce masa, har wata rana ya nuna mini ƙunar dutsen guga a gefen tafinsa ya ce, "Kawu, wallahi ƙaurin na ji, ban ji zafin ba." A Kano aka yi masa aiki, kuma da yake bakunan sun riga sun yi nisa da juna, sai da aka ciro jijiya daga ƙafarsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda likitan ke bin sawun tohon a duk zuwan da muka yi. Yakan fara ƙwanƙwasa fata da kan yatsa daga ƙarshen hannun yana hawa sama a hankali, yana cewa, "Malam, da zarar ka ji zirr ka gaya mini," kuma inda yaron ya zabura sai ya ɗiga alama da biro ya auna nisanta daga tabon ɗinki. Wurin da ake jin wannan zirr shi ne inda kawunan sababbin zaruruwa suka iso, alamar da likitan Faransa Jules Tinel ya bayyana a 1915 a kan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ji ya dawo masa daidai gwargwado, ƙarfin yatsun kuwa bai cika ba, kuma yanzu ya koma kan kekensa.

Neman kuɓuta daga yanka na biyu ne ya haifar da tunanin bututu, kuma tunanin ya daɗe. Tun a 1880 Themistocles Gluck ya gwada a Jamus haɗa bakunan jijiya da bututun ƙashin da aka tausasa. Amma sai a farkon shekarun 1980, da Göran Lundborg na ƙasar Suwidin da abokan aikinsa suka riƙa cusa bakunan jijiyar ɓera a cikin bututun silikon, wato wata irin roba mai taushi, suna buɗewa a matakai daban-daban, aka san abin da ke gudana a ciki, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar take. A ranar farko bututun yana cika da wani ruwa da ke tsatsowa daga bakunan biyu, mai ɗauke da sinadaran da ke raya jijiya. Cikin mako na farko sai siraran zaruruwan fibirin, wato abin nan da ke sa jini ya daskare, su saƙu su zama igiya guda da ta miƙe daga wannan baki zuwa wancan. A mako na biyu ƙwayoyin Schwann da ƙananan jijiyoyin jini suna hawa wannan igiya daga ɓangarorin biyu har su gamu, sai a bayansu ne zaruruwan jijiya ke biyowa. Ke nan jiki ne ke gina gadarsa, aikin bututu shi ne ya tsare ruwan kada ya watse, ya hana tabo kutsowa, ya kuma hana rassan ɓacewa cikin naman da ke gefe. Wannan kuma shi ke bayyana iyakarsa, domin idan giɓin ya yi tsawo igiyar fibirin takan sirance a tsakiya ta tsinke. A jikin ɓera bututun silikon yana aiki a giɓin milimita 10, amma yakan gaza idan ya kai 15. A jikin mutum kuwa, iyakar da aka amince wa bututu marar komai a ciki ita ce santimita 3, kuma sakamako mafi kyau ana samunsa ne a ƙasa da haka sosai, a kan siraran jijiyoyin ji na yatsu. Manyan jijiyoyi masu haɗe da ji da motsi ba su cika yin kyau a cikinsa ba.

Silikon ba ya narkewa a jiki, kuma wasu daga cikin mutanen da aka dasa wa shi sai da aka sake buɗe su aka cire saboda yana damun su. Don haka aka koma neman abin da zai tsaya na wani lokaci sannan jiki ya shanye shi, kuma sharuɗɗan da ake nema a wurinsa suna da wuyar haɗuwa. Dole ya yi ƙarfin da tsoka ba za ta murƙushe shi ba, ya kuma yi taushin da zai lanƙwasa tare da gaɓa. Bangonsa ya zama yana da ƙananan ƙofofin da iska da abinci za su ratsa amma ƙwayoyin tabo ba za su shiga ba. Ya riƙe ɗinki ba tare da yagewa ba. Sannan kada ya narke kafin zaruruwa su haye, kada kuma ya kumbura ya shaƙe su a lokacin da yake narkewa. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Neurotube, wanda aka saƙa da irin sinadarin da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da shi. A 2001 aka amince da NeuraGen, wanda aka yi da kolajin, wato sinadarin da ke ba fata da agara ƙarfi, da aka tace daga agarar shanu. Daga Holan aka fito da Neurolac na wata roba mai narkewa wadda ake ganin abin da ke cikinta, daga Jamus kuma Reaxon na kitosan, sinadarin da ake samu daga ɓawon jatan lande.

Akwai kuma hanya ta tsakiya, wato jijiyar mamacin da ya ba da gudummawar jikinsa, a wanke ta da sinadarai har a fitar da dukkan ƙwayoyin halittar da za su sa jikin wani ya yaƙe ta, a bar saƙar cikinta kawai da ƙananan hanyoyinta. Irin wannan dashe mai suna Avance ya shiga kasuwar Amurka a 2007, ana yin sa har tsawon santimita 7, kuma a daskare ake ajiye shi cikin sanyi mai tsanani, abin da ba ƙaramin sharaɗi ba ne a inda wuta ba ta tsayawa. Musulmi zai tambayi hukuncin wannan, kuma tambayar tana kan hanya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci domin ceton mai rai ko dawo masa da wani muhimmin aiki na jikinsa, bisa sharaɗin izinin mamacin kafin rasuwarsa ko na magadansa, kuma ba ta hanyar ciniki ba. Wani abin da ya kamata a sani shi ne wasu daga cikin mayafan da likitoci ke naɗe jijiya da su domin kare ta bayan gyara daga hanjin alade ake sarrafa su. Haƙƙin majinyaci ne a gaya masa asalin abin da za a bar masa a jiki, domin ya kai wa malamai cikakken bayani idan yana neman fatawa, musamman da yake akwai na shanu da na roba a madadinsu.

Fannin da ake kira injiniyancin tsokar jiki, wato ƙera abin da zai maye gurbin sashen jiki da ya lalace, wanda Robert Langer da Joseph Vacanti suka fayyace manufarsa a 1993, yana son ya wuce wannan iyaka ta santimita 3 ne ta hanyar cika bututun da abubuwan da dashe na asali ke ɗauke da su. Na farko shi ne madogara. Yaɗon duma idan bai sami danga ba a ƙasa yake watsuwa, amma idan ya samu sai ya bi ta har sama. Haka tohon jijiya yake, shi ya sa ake amfani da ƙarfin lantarki wajen jan narkakkiyar roba ta zama zaruruwa masu sirantaka ƙwarai, a jera su duka suna fuskantar gaba a cikin bututun, ko a huda ƙananan hanyoyi masu yawa a cikin soson kolajin. An gwada siliki, har da saƙar gizo-gizo, wadda masu bincike a Jamus suka cike doguwar giɓar jijiyar tumaki da ita. Na biyu shi ne ƙwayoyin halitta. Ƙwayoyin Schwann na majinyacin su ne suka fi dacewa, sai dai samunsu yana buƙatar a yanki wata jijiyar, a kuma raine su na makonni a ɗakin gwaji alhali wa'adin tsoka yana tafiya, don haka ake gwada ɗaukar ƙwayoyin asali, wato waɗanda ke iya rikiɗewa zuwa wasu nau'o'in ƙwayoyi, daga kitse ko ɓargo a karkata su su yi aiki irin na Schwann. Na uku shi ne sinadaran kira, waɗanda Rita Levi-Montalcini ta gano na farkonsu a shekarun 1950, aikin da ya sa ta sami kyautar Nobel tare da Stanley Cohen a 1986. Wahalarsu ita ce awo, domin idan suka yi yawa a cikin bututun sai zaruruwan su ji daɗin wurin su ƙi fita, su dunƙule a ciki.

A nan nake kira ga masu karanta labaran kimiyya da su yi hattara. Mafi yawan nasarorin da ake yayatawa a jikin ɓera aka same su, dabbar da jijiyarta ke tohowa da ƙarfi, a kan giɓin da bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba, kuma nisan da ke tsakanin raunin da tsokarta ɗan kaɗan ne. Har yanzu babu wani abin ƙerawa da aka tabbatar ya fi dashe daga jikin mutum kansa a kan doguwar giɓa ta babbar jijiya. Kuma ko bututun da ya fi kowanne kyau giɓin kawai yake cikewa, ba ya ƙara wa tohon sauri a sauran tafiyar. Shi ya sa dabarun da ke rage nisan suka fi burge ni. A 1994 Christophe Oberlin na Faransa ya nuna cewa wanda haɗari ya tsinke wa jijiyoyin kafaɗa har ya kasa lanƙwasa gwiwar hannu, ana iya ɗaukar wani ɗan ɗauri daga lafiyayyar jijiya a damtsensa a haɗa shi kai tsaye da reshen da ke shiga tsokar, 'yan santimita kaɗan daga inda ake buƙata, ta yadda tafiyar shekara za ta koma ta watanni. Ga 'yan acaɓanmu da ke faɗuwa a kan kafaɗa, wannan ya fi kowane bututu amfani. Akwai kuma binciken Tessa Gordon da abokan aikinta a Kanada, da ya nuna cewa sa'a ɗaya ta ɗan ƙaramin lantarki mai bugu 20 a daƙiƙa, a kan jijiyar a lokacin tiyata, tana sa zaruruwa su yi saurin ƙetare wurin ɗinki.

Kayan da ake shigowa da su daga waje da dala ake sayen su, kuma manomin Rimi ko telan Ƙofar Ƙaura ba zai iya ba. Amma jikin mutum yana da bututunsa na kyauta. Tun a shekarun 1980 aka nuna cewa guntun jijiyar jini da aka ciro daga hannu yana iya cike ƙaramar giɓa a jijiyar yatsa, kuma da aka ga yana lotsawa, likitocin Italiya suka riƙa cusa ɗan sillen tsoka a cikinsa domin ya tsaya a buɗe, ya kuma samar wa tohon madogara. Wannan aiki ba ya neman komai daga kasuwar waje illa gilashin ƙara girma da siririn zare da hannun da ya ƙware. A nan ne nake ganin ya kamata Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano su sami ƙarin tallafi wajen horar da likitocin tiyatar hannu da ma'aikatan gashi, domin ba tare da gashi da abin da ake ɗaura wa hannu don ya tsaya daidai ba gaɓoɓin sukan sandare kafin jijiyar ta iso. Ta fuskar bincike ma muna da abin farawa, tunda agarar da ake tace kolajin daga cikinta tana fita kullum daga mahautanmu, shanun kuma ga su nan cike da kasuwar Mai'aduwa. Tace ta zuwa matsayin da za a sa a jikin mutum aiki ne mai tsauraran ƙa'idojin tsafta da gwaji, amma ɗaliban kimiyyar sinadarai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma suna iya soma koyon matakansa na farko.

Dukkan wannan yana rataye ne a kan a gane raunin tun a ranar farko, kuma gwajin ba ya cin minti biyu ga ma'aikacin ƙaramin asibiti kafin ya yi allurar kashe zafi ya fara ɗinki. Zai ce wa majinyacin ya ɗaga wuyan hannu da babban yatsa sama, ya haɗa kan babban yatsa da kan ƙarami, ya kuma ware yatsunsa ya sake haɗe su. Sannan ya sa shi ya rufe ido, ya taɓa masa kan manuniya, da kan ƙaramin yatsa, da bayan hannu a tsakanin babban yatsa da manuniya, yana kwatanta kowanne da na ɗaya hannun. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza a hannun da wuƙa ko gilashi ya yanka, sai ya rubuta abin da ya gani a takarda, ya tura shi wurin likitan tiyata a cikin wannan makon.